Daga Rigar Lauya Zuwa Kujerar Jakada: Tambayoyi da Amsoshi

Karatun lauya yana kai mutum ga aikin diflomasiyya kuwa?

Sosai ma. Fatou Bensouda ta fara ne da gabatar da ƙararraki a Gambiya, ta riƙe kujerar babbar mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya daga 2012 zuwa 2021, daga baya ta zama jakadiyar ƙasarta a Birtaniya. Volker Türk, shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2022, shi ma doka ya karanta.

Me lauya ya fi wasu da shi a wannan fage?

Ido. Yarjejeniya tsakanin ƙasashe rubutu ce, wanda kuwa ya goge da karanta doka yana hango inda aka bar kafar zillewa tun kafin a sa hannu.

To ina wahalar take?

A kotu akwai alƙali mai yanke hukunci. A teburin tattaunawa babu shi. Dole ka shawo kan wanda yake da ikon tashi ya yi tafiyarsa. Sannan jakada bakin gwamnatinsa ne, ko da zuciyarsa ba ta kwanta da matsayarta ba, shi kuwa mai fafutukar kare haƙƙi sau da yawa gwamnatin ce ma yake ƙalubalanta. A ganina, matashi ya tantance wanne zai iya ɗauka tun da wuri.

Daga ina ake farawa?

Daga shari'ar mutanen da ba su da gata. Navi Pillay ta buɗe ofishin lauya a Natal ta Afirka ta Kudu a 1967, tana kare masu adawa da wariyar launin fata. A 1973 ta samar wa fursunonin siyasa da ke kurkukun tsibirin Robben damar ganin lauyoyinsu. Sai a 1995 ta zama alƙaliya. Tana cikin alƙalan kotun duniya ta musamman kan kisan ƙare dangin Ruwanda da suka yanke hukunci a 1998 cewa fyaɗe na iya zama kisan ƙare dangi, kafin ta shugabanci ofishin kare haƙƙin ɗan Adam daga 2008 zuwa 2014.

Sai me kuma?

Harshe. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingilishi da Faransanci take aiki. Jarrabawarta ta ɗaukar matasan ma'aikata kuwa ba ta karɓar wanda ya haura shekara 32.