Ɗan mai ɗinkin safar hannu ne ya rubuta su

An daɗe ana yaɗa cewa wai ba William Shakespeare ne ya rubuta wasannin kwaikwayonsa ba, wani basarake ne ya ɓuya a bayan sunansa. Hujjar? Wai ɗan mai ɗinkin safar hannu daga garin Stratford na Ingila, wanda bai taka jami'a ba, ina shi ina wannan fasaha. Raini ne kawai. Ben Jonson, wani shahararren marubucin wasannin kwaikwayo na zamaninsa, shi ma bai je jami'a ba, har birkilanci ya yi.

Shakespeare ya rasu a 1616, kuma sai bayan fiye da shekara 200 wannan shakka ta kunno kai. Waɗanda suka yi zamani da shi ba su yi tantama ba. A wasiyyarsa ya bar wa John Heminges da Henry Condell, abokan aikinsa a dandali, kuɗin sayen zoben tunawa da shi. Su biyun ne suka tattara wasanninsa 36 aka buga a 1623, da sunansa da hotonsa.

Edward de Vere kuwa, basaraken da aka fi liƙa wa aikin, ya mutu tun 1604. Wasan Shakespeare mai suna The Tempest kuma ya ɗauko labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a tsibirin Bamuda a 1609, lokacin de Vere ya shekara 5 a kabari.