Matsalar Samuwar Sharri da Imani da Allah

Matsalar samuwar sharri suna ne da masana falsafa da malaman tauhidi suka bai wa wata tsohuwar tambaya: idan Allah Mai iko ne a kan komai, Masani ne ga komai, kuma rahamarSa ba ta da iyaka, me ya sa ake samun zalunci da cuta da wahala a duniya? Masu nazari kan raba sharri gida biyu, wato wanda ɗan Adam yake aikatawa da hannunsa, kamar kisa da cin amana, da wanda babu hannun kowa a cikinsa, kamar girgizar ƙasa da annoba da fari. Tambayar ta fi nauyi a kan addinan da suka kaɗaita Allah, domin addinin Zoroasta na tsohuwar Farisa, alal misali, ya jingina alheri ga Ahura Mazda, ya jingina sharri ga abokin gabarsa Angra Mainyu, alhali Bayahude da Kirista da Musulmi ba su da wani mahalicci na biyu da za su ɗora wa alhakin.

Ana danganta tsarin hujjar ga masanin falsafar Girka, Epikurus, wanda ya rasu a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake ta hannun marubucin Kirista Laktantiyus, na ƙarni na 4, maganar ta iso mana. David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya sake farfaɗo da ita a wani littafi da aka buga a 1779, bayan rasuwarsa. Gundarinta shi ne: idan Allah yana son kawar da sharri amma Ya kasa, to ikonSa bai cika ba, idan kuma yana iyawa amma bai so, to alherinSa bai cika ba, idan kuwa yana so kuma yana iyawa, daga ina sharrin ya fito?

Agustin (354–430), babban limamin Kirista na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya amsa da cewa sharri ba halitta ba ce mai tsayuwa da kanta, rashin alheri ne kawai, kamar yadda duhu yake rashin haske, makanta kuma rashin gani. Ibn Sina ma ya bi wannan hanya. Amsar ta kuɓutar da Allah daga zargin ƙirƙirar sharri, amma ta bar wata tambaya a tsaye, domin ko da an kira ciwo da sunan rashin lafiya, mai jinya yana jin zafinsa, kuma ana iya tambayar dalilin da ya sa aka bar rashin ya auku.

A fagen ilimin kalami na Musulunci, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali, muhawarar ta ginu ne a kan ma'anar adalci. Mu'utazilawa, wata mazhaba ta masu wannan ilimi, sun tafi a kan cewa hankali yana iya gane kyau da muni da kansa, cewa bawa ne yake samar da ayyukansa, kuma da yawansu sun ce wajibi ne Allah Ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa alheri. Littattafan tarihi sun ruwaito cewa a kan wannan ne Abul Hasan al-Ash'ari ya ƙure malaminsa al-Jubba'i, wanda yake cikin Mu'utazilawa, a Basra da labarin 'yan uwa uku: ɗaya ya mutu salihi, ɗaya kafiri, na ukun kuma yana ƙaramin yaro. Idan yaron ya nemi darajar salihin, in ji malamin, za a ce masa bai yi aikin da ɗan uwansa ya yi ba. Idan ya ce ai ba a ba shi tsawon rai ba ne, za a ce masa an san da ya girma da ya saɓa, don haka mutuwarsa da wuri ita ta fi masa. Sai al-Ash'ari ya ce, to idan kafirin ya yi kira daga wuta cewa, ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? A nan malamin ya rasa ta cewa. Daga nan Ash'arawa, mabiya al-Ash'ari, suka kafa cewa babu abin da yake wajaba a kan Allah, kuma zalunci shi ne yin yadda aka ga dama da abin wani, alhali komai mulkinSa ne, suna kafa hujja da aya ta 23 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce ba a tambayarSa game da abin da Yake aikatawa. Wannan matsayi yana da ƙarfi ta fuskar mantiƙi, sai dai masu suka sun lura cewa ya warware matsalar ne ta hanyar nisanta ma'anar adalcin Allah daga adalcin da mutane suka sani.

Al-Ghazali (1058–1111) ya ce babu abin da zai yiwu wanda ya fi abin da ya kasance kyawun tsari, maganar da malamai suka shafe ƙarnoni suna jayayya a kanta. Leibniz, masanin falsafa Bajamushe, ya zo da makamanciyarta a 1710, kuma shi ne ya ƙirƙiro kalmar tiyodisi, wato kare adalcin Allah duk da samuwar sharri, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin Allah da adalci. Girgizar ƙasar Lisbon, babban birnin Portugal, ta ranar 1 ga Nuwamba, 1755, wadda ta auku a ranar wani idi na Kirista yayin da jama'a suke cikin majami'u, ta hallaka dubban mutane, ta kuma raunana wannan ra'ayi a Turai ƙwarai.

A 1955 masanin falsafa J. L. Mackie ya yi da'awar cewa imani da cikakken iko da cikakken alheri tare da yarda da samuwar sharri, tufka da warwara ne. Alvin Plantinga ya mayar da martani a 1974 cewa halittar da take da zaɓi na gaskiya ba za a tilasta mata zaɓar alheri kullum ba, in ba haka ba zaɓin ya zama suna kawai, don haka yana yiwuwa duniya mai 'yancin zaɓi ba ta samuwa sai da yiwuwar saɓo. Masana da dama, har da waɗanda ba su yi imani ba, sun yarda cewa wannan ya rushe da'awar cin karo kai tsaye.

Shi ya sa muhawarar ta koma kan yawan wahala da yadda take faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. William Rowe ya kawo misali a 1979: tsawa ta kunna wuta a daji, ɗan barewa ya ƙone, ya kwana da kwanaki yana fama kafin ya mutu, babu wanda ya gani balle ya ɗauki darasi. Zaɓin ɗan Adam bai shiga nan ba, haka ma ra'ayin John Hick na 1966 cewa wahala tarbiyyar rai ce bai dace da dabba ba. Masu imani sukan amsa cewa rashin ganin hikima ba ya nufin rashin hikima, kuma Musulmi kan tuna ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, inda huda jirgi ya zama hanyar tsirar da shi daga sarki mai ƙwace. Masu bin Rowe kuma suna cewa idan hankali bai isa ya yanke cewa wata wahala ba ta da amfani ba, to da wuya ya isa ya karanta alherin Mahalicci daga kyawun halitta, alhali masu imani suna dogara da wannan karatun a wasu hujjojinsu.