Farashin sifektiram da tasirinsa kan sabis ɗin waya

Sifektiram shi ne zangon igiyoyin rediyo da kira da data ke bi tsakanin wayar hannu da turken sabis. A kusan kowace ƙasa gwamnati ce ke riƙe da shi, ita ke yanka shi kashi-kashi ta ba kamfanonin sadarwa lasisi na wasu shekaru, yawanci ta hanyar gwanjo. A Najeriya hukumar NCC ke wannan aikin, a Ghana kuma NCA.

Zangon ba duka ɗaya ba ne. Na ƙasa, irin su 700 da 800 da 900 MHz (MHz shi ne ma'aunin da ake auna zangon da shi), yana cin nisa kuma yana ratsa bango, turke ɗaya sai ya wadaci ƙauyuka da dama, shi ya sa shi ne na karkara. Na sama kamar 2600 da 3500 yana ɗaukar data da yawa amma ba ya nisa, sai an jera turaku kusa-kusa. Kuma in zangon da kamfani ya mallaka ya yi kaɗan, da yamma kowa ya hau intanet sai ka ga sandunan sabis a cike amma bidiyo na ta juyawa ya ƙi buɗewa.

Inda farashi ke shigowa shi ne, aljihun da za a biya lasisi daga cikinsa za a kafa turke a sayi janareto da dizal a ja waya ƙarƙashin ƙasa, to in lasisin ya cinye kuɗin, kamfani birni zai fara nufa inda zai mayar da kuɗinsa da wuri, ƙauye kuwa sai jira. Mafi muni ma shi ne a sa farashin da ba mai iya saye. A 2015 Ghana ta fitar da kashi biyu na 800 MHz don 4G, kowanne dala miliyan 67.5, MTN kaɗai ya saya, ɗayan ya zauna haka nan ba ya amfanar kowa, sai a ƙarshen 2018 Vodafone ya samu wani ɓangare a kan dala miliyan 30. Gaskiya wannan asara ce, baitulmali bai samu kuɗin ba, jama'a ba su samu gasa ba. Indiya ma a 2016 ba wanda ya taya 700 MHz saboda tsada.

Turai ta riga su ɗanɗana illar tsadar lasisi. A 2000 gwanjon 3G ya tara wa Birtaniya fam biliyan 22.5, Jamus wajen yuro biliyan 50, kamfanoni suka afka bashi, biyu daga cikin shidan da suka ci gwanjon Jamus ba su kai ga kafa 3G ɗin ba ma.

A Najeriya gwanjon GSM na 2001 ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi, na 5G a Disambar 2021 kuma MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowannensu.

Akwai masana tattalin arziki da ke cewa kuɗin lasisi an riga an kashe, ba shi ke yanke shawarar inda za a kafa turke ba, kuma sifektiram dukiyar jama'a ce bai kamata a ba da ita a banza ba. Suna da hujja, don araha kaɗai ba ta kai sabis ƙauye. Abin da ya fi aiki shi ne sharaɗi a cikin lasisin, kamar yadda Jamus ta yi a gwanjon 800 MHz na 2010, inda ta wajabta wa kamfanoni su fara kai sabis ƙananan garuruwan da ba su da intanet mai sauri kafin su shiga manyan birane da shi.