Lasisin gidan kula da mutane a Kalifoniya: tambayoyi da amsoshi

Wa ke ba da lasisin?

Gwamnatin jiha ce, domin a Amurka kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya aikin yana hannun sashen Community Care Licensing na ma'aikatar jin daɗin jama'a. Sai ka halarci taron wayar da kai kafin ka miƙa fom ɗin neman lasisi mai lamba LIC 200. Gidan masu shekara 18 zuwa 59 shi ake kira ARF, na masu 60 zuwa sama kuma RCFE.

Me ake nema a wurin mai gida?

Dole mai gudanar da gidan ya samu takardar shaida: horon awa 35 ga ARF, awa 80 ga RCFE, sannan jarrabawa. Za a ɗauki hoton yatsunsa da na ma'aikatansa a binciki ko an taɓa kama su da laifi. Sai kuma shaidar kuɗin da za su riƙe gidan wata uku. A ganina nan ne gizo ke saƙa, don haya ba ta jiran lasisi. Kana biya, ɗakuna kuwa babu kowa.

Maƙwabta za su iya hanawa?

In mazaunan ba su wuce shida ba, doka na ɗaukar gidan kamar na iyali, birni ba zai ce sai ka nemi izini na musamman ba. Shi ya sa ƙananan gidaje da yawa suke tsayawa a gado shida.

Me ake dubawa ranar bincike?

Jami'an kashe gobara su ne kan gaba, musamman in akwai wanda ba ya iya fita da ƙafarsa. Daga nan mai duba na jiha zai zo. Zai tara ma'auni a bakin famfo, ruwan zafi ya tsaya tsakanin digiri 105 da 120 na Farenhait. Zai taɓa kabad ɗin magani ya ji ko a kulle yake, ya buɗe firji da sito: abinci mai saurin lalacewa na kwana biyu, busasshe na mako guda. Ɗakin kwana kada ya wuce mutum biyu.

Da lasisi ya fito, shi ke nan?

Ina! Lasisi ba ya kawo mazauna. Mai son karɓar masu naƙasar da ta faro tun ƙuruciya sai ya yi wata rajistar da ɗaya daga cikin cibiyoyin yanki 21 na jihar, masu tura irin waɗannan mutane zuwa gidajen kulawa. Masu duba za su riƙa faɗowa ba sanarwa. Lasisin kuma na mutum ne da adireshinsa, in ka sayar da gidan, mai saye zai nemi nasa daga farko.