Dafaffiyar roba: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tambayoyi iri ɗaya ne ke ta shigo mini a kan robar taya. Ga amsarsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake turowa.

Mece ce dafaffiyar roba?

Roba ce da aka gauraya da farar wuta, aka gasa a zafin digiri 140 zuwa 180. Farar wutar ce ke ɗaure zaruruwan robar da juna. Ban ce robar bokiti ko leda ba, wannan filastik ce.

Zan iya narkar da tsohuwar taya in zuba wani abu da ita?

A'a. Dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Ƙonewa za ta yi kawai, ta turnuƙe ka da baƙin hayaƙi mai guba. Masu babbakar kai da ƙafa da ganda da wutar taya kuwa, ku ji tsoron Allah, abinci ne mutane za su ci.

Me ya sa sai an dafa ta?

Ɗanyar roba ba ta da amana. Da zafi ta yi danƙo tana wari, da sanyi ta sandare. A Amurka, a shekarun 1830, an sha mayar wa 'yan kasuwa takalman roba da suka narke da bazara.

Tayata ta kai shekara 6 amma haƙoranta ba su cinye ba. In ci gaba da ita?

Nan ne ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba: iska da rana da zafi suna ci gaba da cin ɗaurin nan har ta bushe ta yi tauri. Duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Wasu kamfanonin mota suna cewa a canja a shekara 6, masu ƙera taya da yawa suna cewa kada ta wuce 10. Amma wannan lissafi ya danganta da inda ta kwana. Wadda ke inuwa daban, wadda ta sha kwaltar watan Afrilu a hanyar Sakkwato da lodi daban. Durƙusa ka duba da idonka: in akwai 'yan tsage-tsage kamar faso a gefenta, ko wani wuri ya kumbura kamar ƙurji, cire ta yau. In ba ka ga komai ba, kuma zirga-zirgar cikin gari kake yi a hankali, mai yiwuwa ta ɗan ƙara kai ka, amma ni ba zan ɗauki iyalina in hau doguwar hanya da ita ba. Kada hankalinka ya tashi, kai ta wurin mai faci da ya san aikinsa ya cire ta ya duba cikinta. Safaya ma haka, tana tsufa a but.

Wa ya gano dafa ta?

Charles Goodyear, Ba'amurke, a 1839. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1844. Thomas Hancock ya yi rajistar tasa a Ingila kusan lokaci ɗaya. An sa wa aikin suna vulcanization a Turance, daga Vulcan, gunkin wuta na Romawa, kuma daga nan ne sunan bakanaiza da ake kiran masu faci ya fito. Goodyear ya rasu a 1860 da bashi a wuyansa, abin da ke ba ni tausayi. Kamfanin taya mai sunansa sai a 1898 aka kafa shi, ba nasa ba ne.

Don me taya take baƙa?

Garin baƙi mai kama da kunkunniya ake zuba mata, don ta yi ƙarfi ta jure rana. Danƙon bishiyar da ake samun roba daga gare ta kuwa fari ne kamar madara.