Agadas: me ke ciyar da birnin da ke bakin hamadar Tenere?

Wanda ya zauna shan shayi a tashar motar Tawa zai ji sunan Agadas har ya gaji. Wannan ɗansa na wajen zinariya, wancan ƙanensa ya bi ta can zuwa Libiya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini tun da na dawo daga Agadas ɗin.

Ta yaya gari ya kafu inda damina ba ta ciyar da kowa?

Hanya ce ta kafa shi. Ruwan da ke sauka a Agadas a shekara bai kai rabin na Tawa ba, amma garin na gindin duwatsun Abzin, inda ayarin arewa ke haɗuwa da fataken ƙasar Hausa. A ƙarni na 15 Sarkin Abzin ya mayar da fadarsa nan. Hasumiyar babban masallacin, mai tsawon mita 27, an gina ta da laka wajen 1515, aka sake gyara ta a 1844. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakalar magina idan za a yi yaɓe. A 2013 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Mu Adarawa me ya haɗa mu da su?

Jini da hatsi. Agabba, ɗan Sarkin Abzin, shi ya ci Adar a 1674, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta samo tushe. Geronmu ya daɗe yana tafiya arewa, gishirinsu yana saukowa. Ko a kasuwar Agadas da Hausa ake ciniki, ba ka buƙatar tafinta.

Har yanzu ana zuwa ɗauko gishiri da raƙuma?

Ana zuwa, sai dai ba kamar da ba. Bayan damina ayari kan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, a kai gero a dawo da kantun gishiri da dabino. Manyan motoci sun ƙwace kaso mai yawa na wannan fatauci.

To, me ya sa garin ke ta faɗaɗa?

Saboda duk lokacin da kaya ɗaya ya mutu a kan hanyar, wani na tasowa. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwaltar da ta tashi daga Tawa ta bi Abalak da Agadas. Sai Turawa masu yawon buɗe ido suka cika garin, maƙera suka samu kasuwar sarƙar azurfa da ake kira da sunan Agadas. Tawayen Abzinawa na shekarun 1990 da na 2007 ya kori Turawan. Direbobin da suka san sahara kamar tafin hannunsu suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya.

Na tsaya na ga lodin wata Hilux da idona. An jera jarkokin ruwa da aka naɗe da buhun algarara, aka kakkafa sanduna a gefen mota. Kowane saurayi ya zauna ƙafafunsa a waje, ya rungume sandarsa, fuska a rufe da rawani. Cikinsu na ji Adaranci, sai jikina ya yi sanyi.

Wata doka da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta wannan jigila, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. A ganina dokar ba ta hana tafiya ba, ta dai tura mutane hanyoyin da babu rijiya. An soke ta a Nuwamban 2023. Zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014 kuwa ita ta kawo kuɗin da ake gina sababbin unguwanni da siminti. A 2014 ɗin kuma aka kafa jami'ar garin.

Garin ba ya noma komai ke nan?

Yana ci daga lambunan cikin duwatsu. Albasa da dankali na fitowa daga yankin Tabelot da Bagzam, lemo da rumman daga Timiya, har Yamai ake kai su.

Mene ne babbar damuwar mazauna?

Ruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a garin, kuma tun daga nan baƙi ba su daina shigowa ba. A lokacin bazara famfo kan ɗauke a unguwannin bayan gari, mata su kwana suna jiran ya kawo, ko a sayi jarka wurin ƴan garuwa. Idan kuma aka tafka ruwa a kan duwatsu, koramar Telwa ta cika ta tumbatsa, gidajen laka ne ke fara faɗuwa. Matar gidan da na sauka tana barin bokiti a ƙarƙashin famfo a buɗe, don ƙarar ɗigon farko ta tashe ta daga barci.