Asalin sharuɗɗan neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka

Ɗalibin da ya zauna cike takardar neman gurbi a wata jami'ar Amurka zai tarar ana buƙatar sakamakon jarrabawarsa, da wasiƙun shaida daga malamansa, da kuma gajeren rubutu a kan rayuwarsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da tarihinsa, kuma wanda ya san tarihin zai fi gane abin da ake nema a wurinsa.

A 1900 aka kafa hukumar College Board domin jami'o'i su samu jarrabawa ta bai ɗaya, sannan a 1926 aka fara jarrabawar shiga jami'a mai suna SAT, wadda ɗalibai kimanin 8,000 suka rubuta a karon farko. A wannan zamanin ne kuma aka shigo da ma'aunin da maki ba ya nunawa. Da Yahudawa suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban jami'ar Harvard, shugabanta Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade yawansu a 1922. Ba a amince da hakan a fili ba, sai aka bi ta bayan fage, aka riƙa neman hoton ɗalibi da bayanin danginsa da shaidar halinsa. Abin takaici ne a ce hanyar da ɗan talaka ke bi a yau ya bayyana ƙoƙarinsa, tun asali an shimfiɗa ta ne domin a tare wa wasu ƙofa.

A 1975 kwalejoji 15 suka haɗu a kan takarda guda mai suna Common Application, wadda yanzu makarantu fiye da 1,000 ke karɓa. Ita kuwa jarrabawa, matsayinta bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Kwalejin Bowdoin ta daina wajabta ta tun 1969, annobar korona ta sa galibin jami'o'i suka bi sahu a 2020, sai kuma jami'ar MIT (Massachusetts Institute of Technology) ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka biyo baya a 2024. Saboda haka shawarar yayan da ya nemi gurbi shekara uku da suka wuce tana iya zama tsohon yayi, kuma wajibi ne ɗalibi ya karanta ƙa'idar kowace jami'a ta wannan shekarar da idonsa.

A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana la'akari da launin fata wajen ba da gurbi, amma ta bar wa ɗalibi damar ya faɗi yadda hakan ya shafi rayuwarsa a cikin rubutunsa. Wannan ya ƙara wa rubutun nauyi, ga shi kuma bai wuce kalmomi 650 ba. A ganina, yarinyar da ta ba da labarin yadda take karatu da fitilar waya bayan ta kwantar da ƙannenta ta fi wadda ta jera lambobin yabo, domin waɗannan suna da nasu gurbin a takardar. Irin wannan rubutu yana bukatar makonni ana gyara, alhali wa'adin masu neman shiga da wuri yakan cika ne tun 1 ga Nuwamba.